Laftof ɗin Oga da Rawar Babar Bitrus

Daren Laraba, Afrilu 2007

Wai dama sabon abu ma yana suma? Ni dai ba wanda ya faɗa min haka da na zo Kano.

Oga ya tafi Kaduna, ya bar min sabuwar laftof ɗinsa in haɗa bidiyon bikin Bitrus, wanda yake aiki a kamfanin fata a Challawa. Gobe da safe babarsa za ta koma Jos, kuma Bitrus ya yi mata alƙawarin da faifan za ta tafi.

Tun azahar nake fama. Da na kawo inda tsohuwar take rawa, sai hoton ya sandare, komai ya rufe. Na kashe na kunna har na gaji. Har na fara zargin ko rawar ce ta yi wa laftof ɗin nauyi.

Da la'asar Bitrus ya leƙo shagonmu, ya taɓa laftof ɗin, ya janye hannu.

Ya ce, "Kai Sule, ƙwai kake dafawa? Me ya sa ka ɗora ta a filo?"

Na ce, "Don kar ta karce. Sabuwa ce fa."

Ya ce, "To ai ka toshe mata hanci."

Muka ɗora ta kan bulo biyu, ina mata fifita da kwali. Tsohuwa ta yi rawarta har ƙarshe. Sai wajen yanka kek ta sake rufewa, ni kuma ban yi sebin ba. Aikin yini guda ya tafi. Yanzu kuma ba wuta a layinmu.

Bari in tashi. Bitrus yana aikin dare, ya ce in kawo laftof ɗin ɗakin maigadin kamfaninsu, can akwai wuta da fanka. Da bulona zan tafi.