Rasuwar Injiniya Tanimun Barmo da fikafikai goma sha ɗaya da suka rage

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar 'Yan Asalin Konni, Malbaza da Illela Mazauna Tuluz, ƙasar Faransa, ta samu labarin rasuwar tsohon shugabanta, Injiniya Alhaji Tanimun Barmo Dogarawa, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata 12 ga Oktoba 1993 a gidan mahaifinsa da ke Dogarawa, yana da shekara arba'in da bakwai, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Wayar ta iso mana an riga an yi sadakar bakwai. Haka zaman nesa yake, kullum mu ne na ƙarshen ji.

Marigayi ya fara lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Konni, ya wuce Yamai, daga nan ya zo Tuluz inda ya ƙware a ilmin ƙera jiragen sama, ya shekara goma sha takwas yana aikin fikafikansu. A 1984 ya tattara takardunsa ya koma gida da niyyar zama. Wata goma sha ɗaya ya yi yana zirga-zirgar neman aiki a wani buro, ofishin da ba za mu ambaci sunansa ba, ana ce masa ya dawo jibi, har ya gaji ya dawo cikin sanyin nan. Wasunmu har yau ba su huce ba, mai wannan rubutu yana cikinsu. Shi kuwa bai taɓa zagin kowa ba. Abin da yakan ce shi ne, ƙasar da ke neman hatsin da za ta ci ba ta da lokacin jirgi, a yi mata uzuri.

Wanda ya san gidansa ya san inda zuciyarsa take. Ƙarfe shida na yamma yana gida, ko wane taro ake yi. Shi ya koya wa 'ya'yansa Asma'u da Mati da Tsahara Hausa har suna yi wa manyanmu gyara, kuma ranar da uwargidansa Hajiya Barira ta kwanta asibiti, shi ya yi wata biyu yana tuƙa tuwo, da gudaji da komai, yaran suna ci suna dariya. Duk ƙarshen wata yakan cika kaset guda da muryarsa ya aika wa mahaifiyarsa, Hajiya Baraka. A cikin amsar wani kaset ne tsohuwar ta ce masa, cikin raha, ana faɗin ɗanta na ɗaga ƙarfe sama ya tashi, ita ko guga ya gagare ta ɗagawa daga rijiyar unguwa mai gaba ashirin.

Maganar nan ba ta bar shi ba. Shekara uku, duk Asabar, yana cikin garejinsa yana ƙera injin jan ruwa mai aiki da iska, mai fikafikai goma sha biyu, kowane ya lanƙwasa shi da hannunsa. Ya aika kayan ta Kwatano har Konni, aka kai su Dogarawa a amalanke, aka jingine a zaure aka rufe da zana. Hutun bana ya tafi ne don ya kafa shi bayan girbi. Ramin ginshiƙai kaɗai ya samu haƙawa.

A nan ne dole wannan saƙo ya kauce wa yadda aka saba rubuta irinsa. Hajiya Barira ta sanar da mu cewa ranar sadakar bakwai, da aka fito da riguna da takalman marigayi aka rabar don lada ta iske shi, an ɗauki fiffike guda an ba Sarkin Maƙera Ado, ya yanka ya yi wa wasu gidaje ƙyauren rumbu, an kuma ajiye sauran sai ranar arba'in. Ba mu ga laifin yayansa Malam Badaru ba, wanda ya yi abin da iyaye suka saba yi da kyakkyawar niyya. Ba mu ga laifin maƙeri ba, an ba shi ƙarfe ya yi aikinsa, an ma ce ya yaba kyan ƙarfen. In akwai laifi namu ne. Zanen injin duk da Faransanci yake, yana cikin jaka, mu da muka iya karantawa muna nan muna shan kafe, ba wanda ya bi shi ya riƙe masa ko da igiya.

Saboda haka taron ƙungiya na ranar Lahadi ya yanke shawara kamar haka. Injiniya Mahamudu Mati Illela, wanda ya taya marigayi aikin tun farko, ya riga ya fara ƙera madadin fiffiken da aka yanka, kuma shi da mai wannan rubutu za su iso Dogarawa kafin ranar arba'in, 21 ga Nuwamba, in Allah ya yarda. Ba za mu dawo ba sai ruwa ya fito. Muna roƙon Mai Girma Hakimi da Liman da dattawan unguwa su sa baki a bar kayan inda suke. Injin nan shi ne sadakar da marigayi ya zaɓa wa kansa tun yana da rai.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Baraka, da Hajiya Barira da 'ya'yanta uku, da Malam Badaru da dukan zuriyar Barmo. Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalansa juriyar da ta fi tamu, ya raya abin da ya bari.

Duk wanda ya ji wannan sanarwa a rediyo ko ya karanta ta, in hanyarsa ta bi ta Dogarawa, don Allah ya tsaya ƙofar gidan Barmo ya ce wa Malam Badaru: sha ɗayan nan kada a taɓa su, muna tafe.

Halilu Chindo Alela
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar 'Yan Asalin Konni, Malbaza da Illela Mazauna Tuluz
26 ga Oktoba 1993