Agogon Inna Ya Daina Ganin Rana

Aberdeen, Scotland
2 ga Disamba

Zuwa ga mahaifina Malam Ashafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata kuna lafiya kai da Inna da kowa na gida, kuma sanyin Ƙaura bai tayar wa Inna da ciwon gwiwarta ba.

Baba, na kawo ƙara ne. Kai ka kafa doka cewa zancen waya iska ne, duk Juma'a sai ka rubuto mini da hannunka Yaya Abdulhadi ya ɗauki hoto ya turo, ni ma in rama. Ga Juma'a biyu sun wuce ban ga jan biron nan naka ba. Wayarka kuma a kashe take. Tsohon hedimasta da kansa yake fashin aji?

Mu nan sanyi ya kama gadan-gadan. Rana ba ta leƙowa sai kusan ƙarfe tara, kafin huɗu kuma an kunna fitilu. Cikina ya shiga wata takwas, ga kasala, ga kuka babu dalili. Ungozoma ta ce rashin hasken rana ne, in riƙa fita ko da na minti talatin. Shi ya sa maigidana Sufyanu ya sayo mini agogon nan mai ƙirga mintunan da mutum ya yi a cikin haske, irin wanda muka aiko wa Inna a watan Oktoba. Ban sani ba ko an yi maka bayani: haɗe suke, duk abin da nata ya gani ina ganinsa a wayata, har bugun zuciyarta.

Kullum Inna ce ke kayar da ni. Ta sha hantsi a bakin madafa, ta shanya barkono, ta taka zuwa Islamiyyar matan aure ta koyar ta dawo, sai in ga awa uku. Ni kuwa da ƙyar nake haɗa minti ashirin. Ba na jin haushi, don idan na buɗe na ga awa ukun nan sai in ji kamar ni na zauna a tsakar gidanmu.

To tun yammacin ranar Alhamis, ashirin ga Nuwamba, babu komai. Ko minti ɗaya. Na kira ta sau da yawa, sai wani ya ɗauka ya ce tana salla. Don Allah ka tambayar mini ita ko fushi take da agogon.

Sufyanu yana gaishe ka. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Rumaisa'u

Ƙaura Namoda
5 ga Disamba

Rumaisa'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai godiyar Allah. Ya jikin naki?

Na ga takardarki. Baba ya tafi Zurmi wajen Gwaggo Hindu, akwai maganar iyakar gona da ake son ya shiga tsakani. Wayarsa ta faɗi a mota a hanyar Shinkafi, kuma kin san sabis a Zurmi sai an hau tudu. In ya dawo zai rubuto.

Batun agogo, ke dai kina da neman magana. Sanyi ake yi, Inna na cikin rigar sanyi da dogon hijabi, ta ina zai ga rana? Ki bar duba waya, ki ci abinci, ki yi yawon da aka ce ki yi. Abin da ke gabanki ya fi wannan.

Asiya da yara suna gaishe ki. Ki gai da Sufyanu.

Yayanki,
Abdulhadi

Aberdeen
7 ga Disamba

Yaya Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gai da Anti Asiya da yara. Ya kasuwa?

Yaya, kai dai a bar ka da awon gero, don ƙarya ba ta taɓa karɓarka ba tun muna yara. Hijabi yana tare haske, na yarda. Nawa ma idan hannun riga ya rufe shi haka yake yi. Amma hijabi ba ya tare bugun zuciya. Kwana goma sha bakwai ke nan agogon Inna bai taɓa fatar mutum ba.

Jiya na sake kiran wayarta, Gwaggo Hindu ce ta ɗauka. Ta yi ta sa mini albarka har ta rasa numfashi, sannan ta ce Inna ta shiga wanka. Ka ce Baba yana wajenta a Zurmi. To me ita take yi a Ƙaura? Kuma na ji muryoyin mata da yawa a bayanta, ƙasa-ƙasa, babu mai dariya. Gidanmu idan mata uku suka taru har bakin titi ana jin su.

Zauren gidanmu na waya, wanda ba a awa ɗaya ba a turo wa'azi ko hoton suna ba, shi ma ya yi tsit. Sufyanu kuma ya koyi sabuwar ɗabi'a. Idan wayarsa ta yi ƙara sai ya zura takalmi ya fita waje cikin sanyin nan, mutumin da ko shara ba ya fitarwa sai na yi da gaske. In ya dawo ya yi ta tambayata ko ina son shayi.

Tsoro nake ji, Yaya. Na faɗa maka a fili. Idan Inna ba ta da lafiya ka gaya mini, ni ba yarinya ba ce. Ka ba ta waya ta ce mini ko da kalma ɗaya.

Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Rumaisa'u

Ƙaura Namoda
10 ga Disamba

Rumaisa'u,

Salamu alaikum. Lafiya ƙalau muke.

Ashe caji ne ya ƙare, abin cajin kuma ya ɓata, yara sun yi wasa da shi. Na samo wani a bakin tasha, yanzu yana aiki. Ki duba wayarki za ki gani, sai hankalinki ya kwanta.

Gwaggo ta zo ganin likitan ido ne, ta bar Baba can da su Kawu Faruku. Inna mura ta shaƙe mata murya, ba a jin abin da take faɗa. In ta washe za ta kira ki.

Don girman Allah ki daina wannan bincike. Ba abin da muke nema sai ki sauka lafiya. Ki yi mini wannan alfarma, ni yayanki ne.

Allah ya raba lafiya.

Abdulhadi

Aberdeen
15 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na duba kamar yadda ka ce. Ranar farko har sujada na yi, na ga zuciya tana bugawa. Sai na ci gaba da dubawa.

Ranar Alhamis agogon Inna ya yi awa takwas da minti goma a rana. Ya yi taku dubu goma sha bakwai. Inna da ke dafa bango kafin ta miƙe! Tun ƙarfe bakwai yake cikin haske har kusan la'asar, ko inuwar zaure bai shiga ba. Alhamis ce kasuwar Shinkafi, kuma mutum ɗaya na sani a gidanmu da ke yini tsaye a kan buhuna ranar. Zuciyar ma ba tata ba ce. Wata guda na yi ina kallon ta Inna safe da yamma, na san tafiyarta. Wannan ta ƙato ce mai shekara arba'in.

Kai ne kake ɗaure da shi, Yaya. Wa ya ba ka shawarar? Da ma Anti Asiya kuka ɗaura wa, da wataƙila kun ci nasara a kaina.

Na zauna na haɗa komai. Mata cike da gida. Gwaggo ta baro Zurmi a wannan hanyar da kowa ke tsoro. Ba a ba Inna waya. An cire agogo daga hannunta rana ɗaya, ba a sake mayarwa ba. Na san al'adarmu, ba a gaya wa na nesa, balle mai ciki. Ni da kaina na taya ku ɓoye wa Anti Zulaihat rasuwar Kaka har ta haihu ta yi arba'in, ina yi mata hira ina dariya. Yau ga shi ya zo kaina.

Yanzu na gane dalilin shirun Baba. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ba zai iya ɗaukar biro ya rubuta "Innarki tana gaishe ki" ba. Shi ya sa kuka ce ya tafi Zurmi. Ka ce masa ban ga laifinsa ba. Ka ce masa ina yi masa ta'aziyya, shekara arba'in da biyu suna tare, ban san yadda zai yi da gidan nan ba. Ku kula da cin abincinsa, don ba zai tambaya ba.

Kwana huɗu ke nan ban fita ba, nawa agogon ma bai ga rana ba. Jinina ya hau, ungozoma ta ce gobe za su kwantar da ni, wataƙila su ciro yaron kafin lokaci. Na tsare Sufyanu, ya sunkuyar da kai ya ce shi an ɗaure shi da alkawari. Ba na iya komai sai addu'a. Na sauke mata Alƙur'ani tun daga Juma'a, kowace salla ina roƙa mata gafara da hasken kabari.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka cire agogon uwata daga hannunka, kuma ka gaya mini ko ta sha wuya.

Rumaisa'u

Ƙaura Namoda
16 ga Disamba

(Inna ke faɗa, ni Asiya nake rubutawa yadda ta faɗa.)

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ni ce Innarki, ina nan da raina. Yau anka karanta mini takardarki, na ce ya isa haka nan. Ban karɓi waya ba don na san da kin ji muryata kin gane.

Agogo ba wanda ya cire mini. Ni na tuɓe shi da hannuna, tare da 'yan kunne da awarwaro, don an ce shi ma ado ne. Ba ni mai da shi sai na cika wata huɗu da kwana goma.

Ranar Alhamis ɗin nan da agogo ya daina ganin rana, ashirin ga Nuwamba, Malam ya tafi Shinkafi gaisuwar mara lafiya. Mutanen daji sunka tare motarsu. Bai sha wuya ba. Kafin magariba anka kai shi.

Ki yi haƙuri kamar yadda muka yi. Kada ki riƙi yayanki, umarni anka ba shi. Ki bari likita su yi aikinsu, ki ci abinci ko ba ki so.

Saukar da kinka yi mini, Allah ya karɓa. Ki juya ta ga babanki.

Allah shi yi miki albarka, shi sauke ki lafiya.

Innarki