Bakin Igiyar Yana Jiranki, Rabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Rabi, a duk dajin da wannan rana ta same ki. Bayan gaisuwa da fatan kina da rai da lafiya, na san babu waya a hannunki. Na rubuta ne a nan inda jama'a ke gani, ko Allah zai sa wani ya kai miki.

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarku a hanyar Anka, kina ɗauke da kayan amaryar da muka yi, ban ƙara gama abin wuya ko ɗaya ba. Kin san rabon aikinmu. Ni in zana fure a ƙyalle, in bi shi da allura da ƙananan duwatsu, in rufe bayansa da fata ya zama kan sarƙa, ke kuma ki kitsa igiyar da za a rataya shi. Yanzu kawunan sarƙa sun cika kwanon Inna, babu igiya. Na gwada kitson da kaina, ya fito kamar na ɗaure akuya. Da kina nan da kin yi ta dariya har kin ɓarar mini da duwatsu, kamar yadda kika saba.

Ina tuna ki a ƙofar ɗaki, kin miƙe ƙafa, kin ɗaura zare a babban yatsa, hannu na aiki baki na surutu. Ke bahaguwa ce, shi ya sa kitsonki ke kwantawa hagu, duk Gummi babu mai irinsa. Inna ta yi gyaran har ta gaji ta ƙyale ki. Abu ɗaya ne ba ta ƙyale ba. Kullum sai ta ce, "Kak ki ƙulle bakin igiya sai kan sarƙa ya shiga. Kuma wadda ta kitsa, ita ka ƙullewa."

Rabi, ga halin da muke ciki. Wani mutum da aka sako ya ce ya ji zazzaɓi ya kashe wata mata 'yar Gummi a can dajin. Bai san sunanta ba, bai ga gawa ba. Kawu ya ce zaman zato ya isa, a yi miki sadaka ranar Juma'a. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, har Inna ta tsawata mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ban ji a jikina cewa kin tafi ba.

Ran Litinin sai ga wata mata daga Bukkuyum, ramammiya, tana tambayar gidan masu ɗinkin duwatsu. Ta ce tare aka tsare ku. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini igiya. Zaren na gane shi tun kafin in karɓa, na shuɗin zaninki ne da kika tafi da shi, kin zazzare shi kin kitsa. Na sa wa Inna a hannu, tunda idonta ya yi rauni. Ta shafa daga farko har ƙarshe, ta ce, "Wanga hannun Rabi na." Da yatsunta suka kai bakin igiyar sai suka tsaya. Ba ki ƙulle ba.

Ba zan ɓoye miki sauran ba. Matar ta ce lokacin da kika ba ta igiyar, zazzaɓin ya riga ya kama ki, daga nan aka raba ku, ba ta san abin da ya biyo baya ba. Kawu ya juya igiyar a hannunsa, ya ce tana nuna kin kitsa, ba ta nuna kina raye ba. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Bai ce an fasa sadakar ba. Amma geron gumbar sadakar da Inna ta auna, ta mayar da shi buhu da hannunta. Jibi ne Juma'a.

Na ɗinka wa igiyarki kai, da jajayen duwatsun nan da kike cewa ina yi miki rowarsu. Na zura shi, ya zauna daidai. Sai dai zaren zani ba shi da ƙarfi, bakin ya fara sakin jiki, kullum in na duba sai in ga ya ɗan ƙara warwarewa. Na soke shi da allura don ya tsaya. Maƙwabta sun ce in ƙulle kawai in huta. Wallahi tsoro nake ji, 'yar Inna, amma ba zan taɓa shi ba.

Ya Allah, Kai ka san inda take. Ka sauke mata zazzaɓin, Ka sanyaya zukatan waɗanda ke riƙe da ita, Ka dawo da ita da ƙafafunta, da duk wanda ke cikin irin halinta. Amin.

Ki yi sauri, Rabi. Allurar ba za ta riƙe shi har abada ba, ƙullin kuwa naki ne.

Taki, yayarki,
Asabe