Wanda Ya Gyara Shi Ke Fara Hawa

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba bakanike na bakin kasuwar Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, Baba, yau na zo maka da labarin aiki, don na san ko a kabari shi za ka fara tambaya.

Ka bar ni ina karatun gyaran jirgin sama. Yanzu ina Ingila, a wata rumfa inda muke ta da tsofaffin jiragen yaƙin Hitila. Wanda aka ba mu an tsinto shi ne a ƙaton siton wani manomi, tsatsa ta ci cikinsa, ɓeraye sun yi gida a fiffikensa. Da na gan shi dariya na yi, na tuna baburan 'yan Kamarawa da ake turo maka ranar kasuwa, waɗanda komai nasu ke ƙara ban da oda. Kada ka ɓata rai, Baba, babu bindiga ko ɗaya a jikinsa. Mun cire, mun toshe gurabensu.

Shekaru muka yi a kansa, ƙusa bayan ƙusa. Injin ne rabona.

Ka tuna dokarka? Ba ka taɓa miƙa wa mutum babur ba sai ka hau shi da kanka, ka miƙe hanyar garin Isa, ka taka birki a cikin yashi, ka dawo. Mai babur na ta tsaki yana sauri, kai ko a jikinka. Sai ka ce, "Wanda yag gyara shi ka hwara hawa. In za ya kada wani, ya kada ni." Ranar da na ba wani ɗan Tsamaye nasa ba tare da na gwada ba, kwana ka yi ba ka yi mini magana ba.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Kujera ɗaya ce a jirgin nan, ni kuwa ba matuƙi ba ne. Wadda za ta tashe shi mace ce, ta zo da 'yarta ƙarama riƙe da hannunta. Na dubi yarinyar, na dubi injin da hannuna ya ɗaure. Wallahi tsoro na ji.

Sai na roƙi a ɗaure jirgin a ƙasa, a bar ni in shiga. Na zauna, na yi bisimilla, na ta da injin, na buɗe masa wuta har haƙorana suka riƙa haɗuwa. Na saurare shi yadda ka koya mini, da kunne da tafin ƙafa. Bai yi tari ko sau ɗaya ba. Na sauko na gaya wa matar, da Hausa, abin da kake gaya wa masu babur: "Na hau, hau." Ba ta jin Hausa, amma ta gyaɗa kai.

Ya tashi, Baba. Ya kewaya, ya sauka lafiya, yarinyar ta ruga ta rungume uwarta. Kowa na tafi, ni kuka nake, don na waiga in ga ko ka gamsu ban gan ka ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sauke ka lafiya a Aljanna kamar yadda ka sauke bayinsa lafiya a gidajensu. Amin.

Ɗanka kuma yaron shagonka,
Sanusi