Busar da Ta Riga Sanda

Ni Hedley Barraclough, na gida mai lamba tara a Layin Masaƙa, Skelderby, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina ɗaya, kuma ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya ce huhuna ya gaji. Na ce masa huhun da ya shekara sittin da ɗaya yana hura ƙaho ai ya cancanci hutu. Zuwa gare ku 'ya'yana, Lorna da Desmond da Gillian. Ku karanta kuna tare a ɗaki ɗaya, kada wani ya tashi sai an kai ƙarshe.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, takardarsa tana wajen lauya. Amma Gillian za ta zauna a ciki iyakar son ranta, domin ita ta bar aikinta a Leeds ta dawo jinyata. Gillian, ke kaɗai kika tsira daga busa a gidan nan, kuma na lura kin fi mu duka kwanciyar rai.

Na biyu. Ƙahona a kai shi ɗakin atisaye, a ba duk wanda ya shigo ƙungiyar badujalar garinmu ba shi da nasa. A gaya masa maɓalli na uku yana maƙalewa in an yi sanyi, ɗigon mai biyu ya ishe shi. Jar kwat ɗina kuma a mayar, kayan ƙungiya ce. Kada wani ya ce zai binne ni da ita don karramawa, kwat ce mai kyau, za ta yi wa wani shekara goma.

Na uku. Lorna, akwatin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona naki ne, tunda ke ce mai riƙe da sandar jagorantar kiɗan ƙungiya yanzu. Takardun alƙalan gasar yanki ne tun daga 1963. Mahaifiyarku Enid ce ta riƙa tara su, har da waɗanda na so a ƙona. Ki karanta su, za ki ga abu ɗaya suke ta maimaitawa: ba a cin gasa da ƙara. Alƙali yana zaune cikin rumfarsa ta labule, bai ga fuskarki ba, bai san sunan garinki ba, lambar da kika ciro a ƙuri'a kawai ya sani. Ƙungiya goma sha biyu za su busa masa kiɗa iri ɗaya tun safe. Duk sun iya tsawa. Inda kiɗa ya yi ƙasa ƙasa, mutum ashirin da biyar suna numfashi kamar mutum ɗaya, nan yake ɗaga alƙalami.

Kuma in kin ciro lamba ɗaya kada ki ɓata rai a gaban mutanenki. Shekarar da muka ciro ta, Alwyn Crowther mai babban ƙaho ya ce da ni, “To shi ke nan, Hedley, yau mu ne za mu tashi alƙali daga barci, na bayanmu su ci kofi.” Enid tana zuba mana shayi ta ce, “Kai dai Alwyn ka busa abin da aka rubuta ko sau ɗaya a rayuwarka, mu ga ko duniya za ta tashi.” Muka zo na biyu ran nan.

Na huɗu. Wannan shi ne dalilin rubutun, sauran duk da baki ma zan iya faɗa.

A gasar watan Maris na 1999 muna rukuni na biyu, muna bakin faɗawa na uku. Lorna tana kan kujerar farko ta masu ƙaramin ƙaho. Ni da Desmond muna layin baya, kafaɗa da kafaɗa. A tsakiyar kiɗan akwai wurin da kowa zai yi tsit na ƙirga huɗu, sannan a shigo tare a hankali. Wani a layin baya ya shigo a ƙirga na uku, shi kaɗai, cikin zauren da ko tari ba a yi. Alƙali ya rubuta a takarda. Muka zo na goma sha ɗaya, muka faɗa rukuni na uku, muka shekara tara kafin mu fito.

A cikin bas muna komawa gida, kifi da soyayyen dankalin da aka saya ba wanda ya taɓa. Alwyn ya juyo ya ce, “Desmond, sauri kake ka je wajen budurwa ne?” Aka yi 'yar dariyar da ba daɗi. Lorna, ke ba ki yi dariya ba. Kika miƙe kika ce, “Wata uku muna atisaye, kai kana zuwa a makare. Ka kunyata mu, ka kunyata Baba da ke zaune kusa da kai.”

Ni ne na shigo a ƙirga na uku. Ba Desmond ba ne. Na ɗauke ido daga sanda na kalli takarda, na ruɗe.

Desmond, kai ka sani, domin ƙahona yana kusa da kunnenka. Ka juyo ka dube ni sau ɗaya a bas ɗin, ni kuwa na mai da fuska taga. Sai na ji ka ce, “Na ji, Yaya. Ba zai sake faruwa ba.” Bayan mako biyu ka tsallaka tudu ka shiga ƙungiyar garin Ovenshaw, mutanen garin nan suka ce ka ɓata mana gasa ka kuma gudu wajen abokan hamayya. Na ji ana faɗin haka a shago, na ji ana faɗin haka a bakin coci, ban buɗe baki ba. A lokacin na shekara talatin da shida ina busa, ba a taɓa kama ni da irin wannan ba, sai na ji ba zan iya ba. Na ce bari ƙura ta lafa in faɗa. Ga shi shekara ashirin da biyar.

Enid ta gane. Wata rana tana goge maɓallan kwat ɗina ta ce, “Hedley, yaron nan tun yana shekara tara bai taɓa kuskuren ƙirga ba.” Na ce mata kowa yana kuskure. Ba ta ƙara tada maganar ba har ta rasu, amma daga ranar ba ta sake goge mini maɓalli ba.

Na biyar. Lorna, ranar Talata ta farko bayan an binne ni, kafin ki ɗaga sanda, ki karanta wa ƙungiya na huɗun nan duka, kada ki rage kalma don ki rufa mini asiri. A ɗauko Alwyn daga gidan tsofaffi ya ji da kunnensa. Abin da kika faɗa a bas kin faɗe shi ne don kare ni, laifinsa yana wuyana. Amma gaisuwar da kuka daina yi da ƙaninki, kuna wuce juna a zauren gasa kowace shekara kamar baƙi, wannan kam, ke ce babba, ke za ki fara gyarawa. Kada kuma a matsa wa Desmond ya dawo Skelderby. Mutanen Ovenshaw sun riƙe shi lokacin da muka sake shi, nasu ne.

Na shida. In mutuwata ta faɗo a makon gasa, ku je ku busa, ni zan jira. A bakin kabari waƙar coci ɗaya ta isa, a yi ta a hankali. Ina so a gayyaci Ovenshaw su tsaya tare da namu, jar kwat ɗinmu da shuɗiyar tasu a cakuɗe, ko garin zai yi gunaguni.

Desmond, bara na zo ƙofar gidanka sau biyu. Na farko na zauna cikin mota har injin ya huce. Na biyu na kai ga dakali, na ji kana koya wa 'yarka Imogen busa a ciki, sai na juya. Ban san ko za ka iya yafe mini ba, ba kuma zan ɗora maka wannan a matsayin umarni ba, na riga na ɗora maka abin da ya isa. In ka iya, na gode. In ba ka iya ba, fushin ya tsaya a kaina, kada ya taɓa 'yan'uwanka.

Allah ya yi muku albarka ku uku, da mazanku da matanku da 'ya'yanku. Allah ya ba ku lafiya da dogon numfashi. Ku riƙe juna. Ku ci abincin Lahadi a teburi ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata, ku yi gardama in kun so, amma kowa ya zo. Jikokina na garin nan suna da 'yan'uwa a bayan tudun nan, tafiyar minti goma sha biyar, ba su san fuskar juna ba. Ku kai su.

Mahaifinku,
Hedley