Ƙarfen da Yaya ya bari a zaure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni direba ne, ina jan a-kori-kura daga Haɗeja zuwa ƙauyukan bayan Guri, kifi, shinkafa, mutane, duk abin da ya samu. A ƙasan motar akwai wani ƙarfe da ya haɗe ƙafafun gaba, makanikai na ce masa sitabilaiza. Da damina direbobinmu kwance shi suke yi, don kowace taya ta bi rami ta taka ƙasa, in ba haka ba ɗaya sai ta rataye a sama mota ta kafe. Amma a kwalta shi ke hana mota kifewa a kwana.

Motar ta Yayana ce. Bara ya kwance ƙarfen ya jingine a zaure, ya ce in ruwa ya janye zai mayar. Ranar wata Juma'a ya hau kwalta da lodin shinkafa yana saurin masallaci, motar ta kife da shi a kwana, Allah ya yi masa rasuwa. Da aka gyara ta, mahaifiyarmu Inna ta sa na mayar da ƙarfen, ta sa na rantse da Allah ba zan sake taɓa notinsa ba.

Cikin daminar nan na ɗauko wata mata tana naƙuda. A tsakiyar fadama tayar gaba ta rataye, muka yi ta tura, muka yi ta haƙa, tana salati a bayan mota. Kafin mu kai asibiti ɗan ya koma. Mijinta har godiya ya yi min, wallahi gara ya zage ni. Tun ranar in na kunna mota salatinta nake ji, in na zo kwanar nan kuma Yaya nake gani.

Na roƙi Inna, na ce zan riƙa kwancewa a bakin fadama in ɗaure kafin kwalta, ta ce shi ma Yayan cewa ya yi zai mayar. Na ce to in sayar da motar, ta fashe da kuka. Abokan aikina kuwa dariya suke min, wai in kwance kawai, ina tsohuwa za ta sani.

Ba su san kullum da safe sai ta fito da ciwon bayanta, ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin motar, ta shafa ƙarfen kafin ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ruwa bai janye ba, kuma mata masu ciki ba su ƙare ba a ƙauyukan nan. In karya rantsuwar in yi kaffara, ko in riƙe ta? In ta shafa gobe ta ji babu, me zan ce mata?