Sunana a Waƙar Tamba

Agege, Legas
14 ga Maris, 1993

Ƙanena Kalilu,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da mutanen Ambursa? Yaya shinkafar fadama bana? Ni lafiya lau nake, sai dai da hannun hagu nake rubutun nan, ka yi haƙuri da shi.

Ka tuna waƙar da mawaƙi Tamba ya yi mini a bikin kamun kifin Argungu, lokacin ina hedimasta? Makon jiya ya zo wasa nan da sabon kaset. Na bar gadin da nake yi, na sa babbar riga na tafi. Ya ɗauko waƙar nan, kiɗa ɗaya, amshi ɗaya, amma a gurbin sunana ya sa na wani ɗan kwangilar sabuwar jiha. Na matsa na ce, "Tamba, Malam Abdussamadu ne." Ya ce, "Tsoho, kauce, ka tare muna hanya."

Ban san sa'ad da na fizge kalangu na maka shi da ƙasa ba. 'Yan amshinsa suka rufe ni da sanduna da benci. Hannu ya karye, haƙora biyu suka zube, jini ya jiƙa rigar. Mutane na ta shewa.

Kada Inna ta ji. Tsohon kaset ɗin waƙar na cikin akwatina da na bari a gida. Ka kunna wa ɗiyata Baiwa, ta ji da kunnenta an taɓa kiran sunan ubanta. Sannan ka ɓoye shi da kyau, shi kaɗai ya rage.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Abdussamadu